Tarihin da Ya Tsaya a Bakin Gadar Wudil

Da wuya makaranta ta kwashi ɗalibai zuwa yawon buɗe ido a birnin Kano ta tsallake Gidan Makama. Yara kan bi zaure bayan zaure, su ga tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Mai yi musu jagora ya gaya musu ana danganta ginin da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma an ce a nan ya zauna lokacin da yake riƙe da sarautar Makama. Tambayar da ba kasafai yaro ke yi ba ita ce: to, shi Makaman yana ina? Amsar tana can kilomita 40 da 'yan kai daga ƙofar gidan, a kan hanyar da ta nufi Maiduguri. Shekara da shekaru Wudil ce mazaunin Makaman Kano, shi ne hakiminta, kuma yana cikin masu zaɓen sarki.

Yadda aka yi gida ya zauna a birni, mai sarautar gidan ya koma bakin kogi, labari ne da ya ratsa jihadi da zuwan Turawa. Labari ne kuma da ɗan Wudil zai iya gama firamare da sakandare bai ji shi a aji ba. Kimanin shekara 70 ke nan da kafa ƙungiyar da ta ɗaura ɗamarar maido wa 'yan Nijeriya tarihinsu. Ta yi aiki, mun kuma ci moriyarsa. Amma in muka bi sawun aikin daga Ibadan zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Kano, sai mu ga sawun yana dusashewa tun kafin ya hau gadar Wudil.

Masu riƙon labari tun kafin a yi ƙungiya

Ba Turawa suka koya wa Kanawa adana labarin jiya ba. Akwai littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya faro daga Barbushe da mutanen Dala, ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Akwai Waƙar Bagauda, wadda mutane suka riƙe da ka suna rerawa. Akwai littafin Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya ba da labarin yadda jihadi ya gudana a ƙasar Kano. Ban da na takarda, kowace fada tana da maroƙa masu jero sunayen kakanni, kowace sana'a tana da dattawan da suka san wanda ya kawo ta garin, kowane babban gida yana da tsohuwar da ta san wa ya auri wa, wa ya haifi wa.

Da Turawa suka zo sai suka shiga tattara abin da suka tarar, don sanin mutanen da za su mulka. A 1908 H. R. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano da Turanci. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya shiga hannun 'yan makaranta da Hausar boko. A 1958 Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano Ta Dabo Cigari. Waɗannan littattafai sun raini zuriya guda ta masu karatu, kuma har yau ba a daina komawa gare su ba.

Sai dai duk daga ƙofar fada suke hango duniya. Wane ya hau, wane ya yi yaƙi, wane ya ƙara ganuwa, wane ya shekara kaza ya rasu. Garin da ke wajen badala ba ya fitowa sai ran da runduna ta bi ta kansa, ko sarkinsa ya yi tawaye. Masunci da ɗan fito da dillalin shanu da matar da ke sayar da fura a kasuwa ba su da layi ko ɗaya.

Ibadan, 1955

A Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, tarihin da aka fara koyarwa na Turai ne da na daular Ingila. Afirka tana shigowa ne a matsayin filin da Turawa suka yi aiki a kai. Wannan ra'ayi ya daɗe bai mutu ba, don ko a 1963 wani shehin malamin tarihi na Jami'ar Okusfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce babu wani tarihin Afirka da za a koyar in ba na Turawan da suka shige ta ba.

Kenneth Onwuka Dike na cikin waɗanda suka ƙi yarda da haka. Shi ya bi ofisoshin gwamnati ya ga yadda gara da ruwan sama ke cin tsoffin takardu, ya matsa har aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, wadda daga baya ta yi reshe a Kaduna. A 1955 shi da abokan aikinsa suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya. Dike ne shugabanta na farko. Sakatarenta wani Bature ne da ya zo Ibadan daga Sudan, H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta, duniya ta san shi da Abdullahi Smith.

Tun daga farko ƙungiyar ba ta tsaya a zauren jami'a ba. A 1956 ta fara buga mujallarta ta bincike. Tana shirya taron shekara-shekara inda malaman jami'a da na sakandare ke haɗuwa. A 1965 ta ƙaddamar da wata mujalla ta biyu mai suna Tarikh, wadda aka tsara musamman domin ɗalibai da malaman makarantu, da harshe mai sauƙi. A shekarar dai Ade Ajayi da Ian Espie suka shirya littafin jagora ga malamai kan tarihin Afirka ta Yamma na shekara dubu, daidai lokacin da jarrabawar gama sakandare ke juya baya ga sarakunan Ingila tana fuskantar Mali da Songhai da Borno da Sakkwato. A 1980 ƙungiyar ta fitar da babban kundin tarihin Nijeriya wanda Obaro Ikime ya shirya. Duk wanda ya karanta labarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ko na Idris Aloma a ajin sakandare, ya sha daga wannan rijiya ko ya sani ko bai sani ba.

Daga Zariya zuwa Kano

A 1962 Smith ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi a sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello. Aka buɗe shirin binciken tarihin Arewa, aka riƙa bin gidajen malamai ana ɗaukar hoton littattafan Larabci da na ajami. Murray Last ya zauna gaban Waziri Junaidu a Sakkwato, abin da ya haifar da littafinsa na 1967 kan daular Usmaniyya. A 1970 aka mai da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar bincike, wato Gidan Arewa. Yusufu Bala Usman ya zaga garuruwa da ƙauyukan Katsina yana tambayar dattawa, ya kuma koya wa ɗalibansa kada su haɗiye kowace magana don kawai Bature ya rubuta ta ko bafade ya faɗe ta. Adamu Fika ya rubuta tarihin yaƙin basasar Kano, aka buga a 1978.

A Kano, Jami'ar Bayero ta kira taron ƙasa da ƙasa kan tarihin Kano a 1981, Bawuro Barkindo ya tattara takardun aka buga a 1983. Gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Tarihi da Al'adu, wadda ke riƙe da Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Hanns Vischer, mutumin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. A 1975 wani mai bincike, Yusufu Yunusa, ya zaga da rakoda yana ɗaukar muryoyin tsoffin da suka san zaman gandu da bauta a kewayen Kano. Mutanen da ya yi hira da su duk sun riga mu gidan gaskiya, amma muryoyinsu suna nan, masana na ci gaba da amfani da su.

Wannan gagarumin aiki ne. Amma yana da siffa guda da ya kamata mu lura da ita: ruwan sama yake hawa, ba ya gangarowa. Ɗalibi ya je ƙauye, ya durƙusa gaban dattijo, ya rubuta abin da ya ji, ya koma jami'a ya mai da shi Turanci. Kundin ya sami maki, aka ɗora shi kan kanta. Dattijon ya rasu bai ga abin da aka yi da maganarsa ba, jikansa kuma bai san an taɓa yin hirar ba. Rijiya ta bayar, guga ya ɗebo, amma masu rijiyar ba su sha ba. A ɗakunan karatu na jami'o'inmu akwai kundayen digiri kan garuruwa da kasuwanni da sana'o'in ƙasar Kano waɗanda mutanen da aka rubuta a kansu ba su taɓa ɗora ido a kai ba.

Shekarun da aka rufe littafin

Ana cikin haka sai ƙofar ajin ma ta rufe. A sabon tsarin karatun da aka amince da shi a 2007, aka kuma fara aiki da shi a zangon 2009 zuwa 2010, an cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. A babbar sakandare tarihi ya zama na ganin dama, yawancin ɗalibai suka gwammace darasin gwamnati. Dalilan da aka bayar su ne ɗalibai na gudunsa, malamai sun yi ƙaranci, wanda ya karanta shi ba ya samun aiki. Kowane dalili yana ciyar da ɗan'uwansa: babu ɗalibai don babu malamai, babu malamai don babu ɗalibai.

Ƙungiyar da Dike ya kafa ta sake ɗaura ɗamara. Ta yi ta kai ƙorafi ga shugabanni da majalisa, tana magana a jaridu da tarurruka. A zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi aka fitar da sabuwar manhajar tarihi a 2018. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Nasara ce, kuma ƙungiyar ta cancanci yabo a kanta. Amma mu yi lissafi. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. In aka raba malamai 100 a kansu, Wudil za ta tashi da biyu da ɗan burbushi, ga makarantun cikin gari da na Utai da Darki da Indabo da Lajawa da Acika da sauransu.

Ko da an sami malaman, akwai abin da manhajar ƙasa ba za ta taɓa iya yi ba. Littafin da aka rubuta don yaron Kalaba da na Oyo da na Wudil gaba ɗaya ba shi da wurin da zai saka Sarkin Ruwan Wudil. Manhaja za ta iya cewa malami ya koyar da tarihin garinsu. Ba za ta iya ba shi abin da zai koyar ba. Wannan sai mutanen garin.

Abin da ke hayin gada

Me ke akwai a Wudil da ya isa a koyar? Mu fara da tambayar Makama. Lokacin da kiran Shehu ya iso ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19, cikin shugabannin jama'ar da suka amsa akwai Malam Bakatsine na Fulanin Joɓawa, waɗanda mazauninsu ke Utai, ƙasar Wudil. Tare da shugabannin Yolawa da Sulluɓawa da Danejawa da Dambazawa suka yaƙi Sarki Alwali har mulkinsa ya faɗi. Bayan ƙura ta lafa, manyan sarautun Kano suka rarrabu tsakanin gidajen nan, sarautar Makama ta zama ta Joɓawa. Amma a tsarin da, hakimi a birni yake zaune kusa da sarki, garuruwansa a warwatse, jakadu ke kai da kawowa suna karɓo haraji. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai suka ga wannan tsari bai yi musu ba. Suka haɗa garuruwa gunduma-gunduma, suka fitar da hakimai daga birni kowa ya je ya zauna cikin talakawansa. Ta haka Wudil ta zama mazaunin Makama. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci jihadi da mulkin mallaka a darasi guda, ba tare da ya bar garinsu ba.

Sai yaƙin basasa. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello sarautar Kano. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, da Yusufu a gaba, suka ƙi yarda, suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Daga wannan yanki na kudu maso gabas suka tara ƙarfi. Yusufu ya rasu a Garko, maƙwabciyar Wudil, ƙanensa Alu ya ɗauki tuta ya shiga Kano a 1894. Ke nan ƙasar da ke tsakanin Wudil da Garko da Takai ita ce filin da aka shirya abin da ya sauya gidan sarautar Kano. Gidajen da suka bi Yusufawa da waɗanda suka tsaya da Tukur suna da jikoki, jikokin kuma suna da abin da aka gaya musu.

Sai kogi. Kogin Kano da na Calawa sun haɗu kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya miƙa Haɗeja. A da, kogin yakan cika ya tumbatsa da damina, da rani ya janye ya bar rairayi da 'yan gurabe. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, a zamanin Audu Bako, aka kuma ƙara ta Calawa a 1992, sai ɗabi'ar ruwan ta sauya, ya koma gudana rani da damina gwargwadon yadda aka sake shi daga madatsa. Wannan ya taɓa kowa: masunci da tarunsa da komarsa, ɗan fito da kwalekwalensa, mai lambu, makiyayi mai neman mashaya, har da masu ɗibar yashi da suka mai da kogin wurin sana'a. Injiniyoyi sun rubuta nasu rahoton. Waɗanda suka ga kogin kafin Tiga da bayanta nasu rahoton yana cikin kansu.

Sai kasuwa. Karar Wudil da ke ci ranar Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan. Garin yana kan mararraba, hanya ɗaya ta nufi Gaya da Dutse da Azare, ɗaya ta nufi Takai da Birnin Kudu. A cikin kara akwai tsarin amana da ya girmi banki: fatoma mai saukar da baƙo ya tsaya masa, dillali da la'adarsa, bashin da ake bayarwa da baki a biya da baki. Akwai tarihin yadda shanu suka tashi daga tafiyar ƙafa zuwa taragon jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, daga nan zuwa tirela mai kwana ɗaya ko biyu ta kai Kudu. Akwai jangali, da yadda makiyaya ke wasan ɓuya da masu ƙirga, har ranar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a 1979. Akwai annobar bushiya ta 1983 da ta kwashe garkuna. Dattawa ba sa ƙirga waɗannan da lambar shekara. Cewa suke an haifi wane bayan Kakalaba, wato yunwar 1914, ko an yi auren wance shekarar fari. Malamin da ya iya haɗa kalandar dattawa da ta bango ya ba ɗalibansa mabuɗin da babu shi a littafi.

Yau Wudil gari ne na makarantu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha ta fara aiki a nan a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta ƙasa ma a nan take. Dubban matasa daga kowace kusurwa ta Nijeriya suna shekara huɗu ko biyar a garin, su tafi da digiri, ba su san me ya sa ake ce da hakimin garin Makama ba.

Ranar da aka nemi tarihi

Mai cewa duk wannan hira ce ta tsofaffi, ya tuna 2019. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙirƙiro masarautu huɗu, Bici da Rano da Gaya da Ƙaraye. Wudil ta faɗa ƙarƙashin Gaya. Ke nan hakimin da ke cikin masu zaɓen Sarkin Kano ya wayi gari ƙasarsa tana ƙarƙashin wani sarki. Makama na cikin masu zaɓen sarki huɗu da suka garzaya kotu. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar.

Ba mu zo yanke hukunci kan wa ya yi daidai ba. Abin lura shi ne duka ɓangarorin biyu da tarihi suka yi yaƙi. Masu goyon baya suka ce Gaya ta girmi birni, suka tuno labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce daga Gaya suka zo Dala neman tama. Masu adawa suka ce ƙasar Kano dunƙule take ƙarƙashin sarki ɗaya tun zamanin Ibrahim Dabo da ma kafinsa. Kowace magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kowace kuma akwai abin da ta tsallake. Matasan da suka fi zafi a Facebook da majalisun shayi su ne daidai waɗanda suka yi firamare a shekarun da aka cire tarihi. Guntun labari suka samu, kowa daga bakin wanda yake so. Al'ummar da ba ta san yadda aka zana iyakarta jiya ba, ba ta da bakin magana ran da aka zo sake zanawa.

Aikin da ya rage

Maƙwabtanmu sun nuna hanya. A Yamai an kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, a zamanin da Bubu Hama ke jagorantar irin wannan aiki a Nijar. A Tumbutu, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, iyalan da suka gaji littattafai ne suka ɓoye su a akwatuna, suka fitar da dubbai ta mota da jirgin ruwa zuwa Bamako. Sun yi haka ne don sun san abin nasu ne. A nan gida muna da misalin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950. Ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce, amma littafin rayuwarta da ya fito a 1954 ya koya wa duniya abin da tarihin sarakuna bai faɗa ba game da aure da kishi da ƙawance da farmakin masu kamen bayi. A kowace unguwa ta Wudil akwai irinta.

Ƙungiyar tarihi ta gunduma ba ta bukatar bene ko mota. Malaman makaranta kaɗan, da limami ko alaramma mai karanta ajami, da wakilin fada, da na masunta, da na kara, da mata biyu ko uku da za su iya shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, sun isa. Rakodar da Yusufu Yunusa ya yi ta ɗauka a 1975 yanzu tana aljihun kowane saurayi. Ɗaliban sakandare za su iya yin hira da kakanninsu a matsayin aikin gida, malami ya koya musu rubuta sunan mai magana da wuri da rana. Takardun gado da na cinikin gona da wasiƙun da ke cikin gafaka a ɗauki hotonsu a gaban mai su, a bar masa abinsa, don tsoron a karɓa ba a maido ba shi ke sa mutane ɓoyewa. A nemo kwafin rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumar daga ma'ajiyar Kaduna, a juya su Hausa, a karanta wa dattawa, a ji inda za su ce Bature ya faɗi daidai da inda tafinta ya yi masa ƙarya. A nemo kundayen da ke kan kanta a jami'o'i a taƙaita su. Abin da aka samu a buga shi ƙananan littattafai da Hausa, a ajiye kwafi a makaranta da fada da Hukumar Tarihi, a kuma karanta shi a rediyo.

Aikin yana da ƙaya. Kowane gida zai so a ce kakansa ne ya sari garin. Maganar bauta da ta wanda ya bi wa a basasa har yau tana iya ɓata zumunci. Mai kuɗin da ya biya kuɗin bugu zai so ya ga sunan gidansu a shafin farko. A nan ne ƙungiyar ƙasa da malaman jami'a suke da abin bayarwa: tarbiyyar da Smith da Bala Usman suka bari, ta jin bakin mutum uku kafin a rubuta magana ɗaya, da rubuta saɓani a matsayin saɓani, da bambance abin da aka gani da abin da aka ji. Su kawo ma'auni, mutanen gari su kawo hatsi.

Abin da ba ya jira shi ne lokaci. Wanda yake ɗan shekara 20 ranar da aka rufe ruwan Tiga yanzu ya haura 70. Wanda ya biya jangali da hannunsa kafin 1979 ya tsufa. Wanda yake yaro mai wayo lokacin da aka kafa NEPU a 1950, ya ga yadda siyasa ta shigo ƙauye ta raba wa da ƙane, ya doshi 90. Takardun Kaduna za su iya jiran mai bincike na shekara goma masu zuwa. Waɗannan mutane ba za su iya ba, kuma duk ranar da aka kai ɗayansu makwanci, akwai tambayar da babu sauran mai amsa ta.